Filin Gareji: Tsohuwar Mota Da Sabon Inji

Wasiƙun wannan karon kusan duk maganarsu ɗaya ce, masu tsofaffin motoci na son ɗora musu injin zamani. Makanike da mai wayarin da mai walda na wannan fili ne suka haɗu suka ba da amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Fijo 504 salun, haɗin Kaduna. Shekararta tara a ajiye ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. Ina so in tashe ta, in cire injinta in sa mata na Lexus mai fulogi takwas. Makaniken garinmu ya ce aikin mako biyu ne. Me kuka gani?
Mai karatu daga Ringim

Amsa: Wa'alaikumussalam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa. Malam, makanikenka bai yi ƙarya ba idan abin da yake nufi shi ne a sauke injin cikin motar ya zauna. Amma daga zaman inji zuwa motar da za ka ɗauki iyalinka a ciki ka kama hanyar Dutse, akwai aikin watanni, kuma yawancinsa ba a kan injin yake ba.

Ka fara da jiki. Motar da ta yi damina tara ƙarƙashin bishiya, ganye ya toshe mata magudanan ruwa na gindin gilashin gaba, ruwan kuma ƙasan kujeru yake sauka. A cire kujeru da shimfiɗa, a ɗauki sukundireba a riƙa sokawa da ƙarfi a ƙasan motar, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da saman shokazoba na gaba, da wurin da ƙarfen ƙafafun baya ya kama jiki. Duk inda ya huje ko ya loma, a yanke har sai an kai ƙarfe mai rai. Ƙasan mota faranti mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2 ya isa, wuraren da ke ɗaukar nauyi kuwa 1.5 zuwa 2. Kada ka yarda a ɗora faci a kan tsatsa a shafe da bodifila, kuma kada a yi wa wurin ɗaukar nauyi liƙin tagulla. 504 ba ta da shasi daban, jikin nan shi ne shasinta. Idan ya ruɓe, duk ƙarfin da ka ƙara wa inji a kansa zai huce.

Sai babban abin da yawancin masu wannan buri ba su sani ba sai aiki ya yi nisa. Farfelar 504 ba a fili take ba, tana cikin wani bututun ƙarfe da aka ɗaure da noti a bayan giya, ɗaya bakin kuma a jikin aksil. Wato inji da giya da bututu da aksil duk abu ɗaya ne a miƙe. Bututun shi ke riƙe wutsiyar giya, shi ke hana hancin aksil ɗagawa idan ka taka totur. Giyar Toyota ba ta da wurin da wannan bututu zai kama. Ranar da ka cire shi, ka ɗauko wa kanka ayyuka uku: ƙera ƙarfen da giya za ta zauna a kai, ƙera mariƙin hancin aksil, da haɗa farfela mai gaɓoɓi a wurin masu juya ƙarfe. Ita farfelar dole a daidaita nauyinta a kan na'ura bayan walda, kuma karkatar gaɓoɓinta ta tsaya tsakanin digiri 1 da 3, ta gaba da ta baya kusan daidai. Idan aka kuskure wannan, motar za ta riƙa kakkarwa daga gudun 70 ko 80, tana cin boris ɗin giya ɗaya bayan ɗaya, kuma babu canjin taya da zai yi maganinta.

Yanzu lissafin ƙarfi. Injin 504 mai kafireto, cc 1971, bai kai ƙarfin doki 100 ba. Injin Lexus LS400 da ake kira 1UZ-FE, cc 3969, na farko-farkonsa da ya fito a 1989 doki 250 ne, ƙarfin murɗarsa kuma ya ninka na Fijo fiye da sau biyu. Aksil da sandunan ƙafafun baya ba don wannan aka yi su ba. Ga shi injin mai faɗi ne, bakin salansarsa na hagu zai yi rigima da sandar sitiyari da tukunyar birki. Ana yi, an kuma yi, amma abin da za a samu a ƙarshe sabuwar mota ce da aka lulluɓa wa jikin 504, da kuɗin da ya fi na injin nesa ba kusa ba.

A ganinmu ga yadda zaɓin yake, daga mai sauƙi. Na farko, a gyara injinta na asali, a sa mata distiributa mara foyin, a samo giya mai biyar ta Fijo 505. Wannan giyar kaɗai tana canza motar. Idan aksil ɗinka 3.89 ne (wato farfela ta juya sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya), da taya 175 R14, a gudun 100 inji na juyi kusan 3,250 a minti a giya ta huɗu. Giya ta biyar za ta sauke shi ƙasa da 2,800, ƙara ta ragu, mai ya ragu, zafi ya ragu. Giya mai biyar ta fi tsawo, don haka ka ɗauko ta tare da bututunta da farfelarta daga mota ɗaya, a kuma auna kafin a biya. Na biyu, injin 505 GTI mai injekta, cc 2165, wajen doki 130. Gida ɗaya suka fito, giyarsa na karɓar bututu, sai dai samun mai lafiya yanzu sai an tona. Na uku, 3RZ-FE na Hilux da Hiace, cc 2693, doki 150, mai sarƙa ba bel ba, kayansa kuma har a kasuwar ƙauye ana samu. Matsalarsa tsayi. Injin 504 a kishingiɗe yake digiri 45, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa, shi kuwa 3RZ a tsaye yake ƙiƙam. A auna daga ƙarfen da ke ƙarƙashin inji zuwa bonet, a duba ko tumbin kwanon mai a gaba yake ko a baya, don sitiyari na nan a hanya. A bar tazarar aƙalla milimita 15 zuwa 20 tsakanin inji da duk wani ƙarfe, saboda inji na motsi a kan robarsa. Mariƙan inji a yanke su daga faranti milimita 5 ko 6, kuma a kan roba za su zauna, kada a liƙe inji da jiki.

Idan ka je Ƙofar Ruwa ko wata kasuwar kayan Beljiyam, kada ka sayi inji tsirara. Ka ce a haɗa maka da wayoyinsa ba a yanke ba, da birenbos ɗinsa (kwamfutar da ke sarrafa injin), da sensar iska, da kwayil, da altaneta da kik. Idan injin na zamanin makulli mai lamba ne, sai an haɗa da makullin da na'urarsa, in ba haka ba zai yi ta juyi ba zai tashi ba. A gwada matsin kowace silinda a gabanka. Ga 3RZ, lafiyayye na ba da wajen psi 178 a ma'aunin matsi, ƙasa da 127 kuwa ka bar musu kayansu, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 14. A buɗe murfin mai a leƙa, baƙin kunu mai kauri alama ce ta injin da ba a canza wa mai.

Tsarin aikin kuwa: jiki, sannan ƙafafu da bushin da shokazoba, sannan birki, sannan tanki da lagireto da waya, inji ya zo daga baya, fenti a ƙarshe. Wanda ya fara da fenti zai ga mai walda ya ƙona shi a gabansa. Tsohon injin kuma kada a ba 'yan gwangwan. A cire fulogi, a zuba man inji cokali biyu a kowace silinda, a bar shi kwana biyu, a juya shi da sifana. Sau da yawa za ka tarar da ransa, kuma 504 mai injinta na asali darajarta daban ce, tunda Kaduna ta daina haɗa ta tun wajen 2006.

Tambaya: Na ɗora wa akori-kurata 504 injin Hiace mai injekta, ina ɗaukar kayan gwari da ita. Idan tanki a cike yake lafiya lau, amma da mai ya yi ƙasa da kwata, in na sha kwana ko na hau gargada sai ta riƙa shaƙewa. Famfon mai kuma na uku ke nan.
Direba daga Gezawa

Amsa: Ɗan'uwa, laifin ba na famfo ba ne, na tanki ne. Kafireto yana da ɗan kwanonsa da ke ajiye mai, ko famfo ya ja iska na daƙiƙa biyu inji ba zai sani ba. Injekta ba ta da wannan ajiya. Kafireto psi 3 zuwa 6 yake so, injinka kuwa 38 zuwa 44, kuma da iska ta shiga bututu matsin zai faɗi nan take. Tsohon tanki fili ne a ciki, in ka sha kwana mai ya gudu gefe guda, bakin bututu ya zauna a bushe. Famfon lantarki kuma man da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, yana shafa masa jiki. Duk shaƙewar da ka ji, famfon ne ke juyi a bushe. Shi ya sa kake binne su.

Magani biyu ne. Ko dai a yanka saman tanki a dasa famfon ciki tare da bokitinsa, irin wanda ake cirowa daga motocin injekta, ko a ƙera ƙaramin tanki na lita 1 zuwa 1.5, dogo siriri a tsaye. Ƙaramin famfo mara matsi ya riƙa cika shi daga babban tanki, famfo mai matsi ya zauna ƙasa da shi yana ɗiba daga gindinsa, man da ya dawo daga inji ya zuba a cikinsa, rarar kuma ta fita ta sama ta koma babban tanki. Wanda zai yanka tanki ya wanke shi ya cika shi da ruwa tukuna. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari wurin walda, saboda tururin ne ke fashewa.

Sauran abubuwan da za ka duba: filta biyu, mai manyan ƙofofi kafin famfo, ta ƙarfe mai ƙananan ƙofofi bayansa. Filtar roba fara ta babur ko ta kafireto ba ta ɗaukar wannan matsi. Wanda ke shan mai a galan wurin 'yan bumburutu ya riƙa canza su da wuri, don ruwa da yashi ba sa rabuwa da irin wannan mai. Bututu milimita 8, tiyon roba kuma wanda aka rubuta J30R9 a jikinsa, ba R7 ba. Waya milimita 2.5 ta rile da fiyus na 15 ko 20, sannan birenbos ne zai kunna rilen, ba makulli kai tsaye ba. Dalili shi ne idan aka yi haɗari inji ya mutu, famfon da aka haɗa da makulli zai ci gaba da feso fetur a kan salansa mai zafi. A ƙarshe ka buɗe murfin tanki bayan tafiya. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, ƙofar numfashin tankin ta toshe.

Tambaya: Marigayi maigidana ya bar Marsandi 230E tsohon yayi. Ɗana ya sa an ɗora mata inji mai fulogi shida na wadda ta biyo bayanta. Tun daga nan take zafi, musamman da rana a cikin gari. An cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, abin bai daina ba. Yanzu sun ce a sauke kan inji.
Hajiya daga Haɗeja

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Kada a sauke kan injin tukuna, a fara mayar da tamostat. An je neman gira ne an rasa ido. Tamostat ɗin Marsandi aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto idan ruwa ya kai digiri 87, a lokaci guda kuma wani faifai a gindinsa na rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. Da aka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, ruwa kuma ya fi son hanya mai sauƙi. Rabinsa yana ta kewaya inji da zafinsa. Ko a injin da ba haka yake ba, cire tamostat na sa birenbos ya ɗauka inji bai ɗumama ba, ya yi ta zuba mai fiye da kima.

Na biyu, lagireto. Injin 230E doki 136 ne, M104 mai cc 2800 da ɗanki ya ɗora kuwa 193. Idan tsohon lagireton ne har yanzu a gaba, ya yi kaɗan, ballantana a watan Afrilu da Mayu da zafin Haɗeja ke haura digiri 40. A nemi na 280E, wanda dama don inji mai fulogi shida aka yi shi, ko a sa a ƙera mai layi uku daidai wurin. Idan an riga an canza, a bar mota ta yi zafi a kashe ta, a bi fuskar lagireton da tafin hannu a hankali. Inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, layukan wurin sun toshe. Ruwan rijiya da na burtsatse ne ke kawo wannan, yana barin farin gishiri a ciki. Ruwan batir mara asid ake zubawa, a gauraya da maganin lagireto kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ba don ƙanƙara muke sa shi a nan ba, don tsatsa ne, kan injin alminiyom ne kuma ruwa zalla na cinye shi.

Tunda kin ce a cikin gari ta fi yi, mun fi zargin iska. A kan buɗaɗɗiyar hanya gudu ke tura iska, a cunkoso kuwa fanka ce kaɗai. A duba ko robar da ke kewaye fanka tana nan, don masu sauya inji sukan jefar da ita idan ta ƙi shiga, kuma ba tare da ita ba fanka na jan iska ta gefe maimakon ta cikin lagireto. Idan fankar lantarki ce, a ɗora takarda a fuskar lagireto ta gaba. Ya kamata ta manne. In ta tashi, an juya wayoyin, fankar na faɗa da iskar hanya. A ba ta rile na 40 da waya milimita 4 zuwa 6, ta riƙa tashi da sensar zafi. Murfin lagireto shi ma a saya sabo mai lamba daidai da abin da lagireton zai ɗauka. Murfi mai lamba 100 na kai tafasar ruwa wajen digiri 120, mataccen murfi kuwa a 100 ruwan zai tafasa ya zube.

Wani abu da ake mantawa: agogon zafi na tsohuwar motar da sensar sabon injin ba lallai su fahimci juna ba. A auna da ma'auni na hannu a tabbatar zafin gaskiya ne. Idan duk an yi wannan, sannan da safe aka tashi inji aka ga kumfa na fitowa a ruwa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya, to gasket ya tafi, a sauke kan. Ki kuma ce wa mai wayarin ya murza wayoyin saman injin da yatsa. Marsandin wajen 1993 zuwa 1995 an san su da robar waya mai marmashewa.

Tambaya: Bayan na ƙara wa 504 ɗina ƙarfi, na sa an cire gangar birkin baya an sa faifai. Yanzu in na taka birki da ƙarfi a kan burji sai bayanta ya juyo, kuma ƙafafun baya na ɗaukar zafi ko ban taka ba.
Malamin makaranta daga Birnin Kudu

Amsa: Malam, ka ajiye ta har a gyara, wannan ba abin lallaɓawa ba ne. Tunaninka daidai ne, motar da ta tashi daga gudun 100 zuwa 140 aikin birkinta kusan ninkawa yake. Amma yawancin aikin a ƙafafun gaba yake, don nauyi gaba yake tafiya idan an taka. Ƙafar baya ta yi sauƙi, in ta sami matsi daidai da na gaba sai ta riga kullewa, bayan mota kuma ya nemi wuce gabanta.

504 na da wani bawul a ƙarƙashinta ta baya, mai sanda da sifirin, wanda ke rage wa birkin baya matsi gwargwadon kayan da aka ɗauka. Leƙa ka gani. Sau da yawa za ka tarar ya daskare, ko an zare shi an haɗa bututu kai tsaye. A mayar da shi, ko a sa bawul mai juyawa da hannu a layin baya. Gwajinsa a fili mara mutane, a gudun 40, wani ya tsaya gefe yana kallo: a yi ta ragewa har sai gaba ta riga baya kullewa, mota ba kaya, sannan a sake da kaya.

Zafin kuwa, wasu mastocin da aka yi don ganga na riƙe ɗan matsi wajen psi 10 a layi, don sifirin ɗin ganga na da ƙarfin janye takalmi. Faifai ba shi da wannan sifirin, sai ya zauna a dafe. A sa masta ta 504 ko 505 mai faifai ƙafa huɗu. Kada a ruɗe ka da babbar masta, faɗin baki na sa feda ta yi tauri ne, matsin kuma ya ragu. A tabbatar akwai ɗan wasa tsakanin sandar tukunya da masta. Man birki DOT 4, wanda sabonsa ke tafasa a digiri 230, in ya sha ruwa ya sauko 155, shi ya sa ake zubar da shi duk shekara biyu. DOT 5 ba ya gauraya da shi. Tiyoyin roba na ƙafa huɗu a canza su duka, tsoho na kumbura ta ciki ya hana mai komawa, wannan ma na kawo irin zafin da ka faɗa.

Tambaya: Ina so in sa wa 504 wili mai inci 17 da siririyar taya, in kuma yanke sifirin ta yi ƙasa kamar yadda nake gani a intanet.
Matashi daga Rano

Amsa: Samari, waɗanda kake gani ba su bin hanyar Kibiya da damina. Tayar 175 R14 tsayinta wajen milimita 636 ne. 205/40 R17 kuwa 596, ka ga mota ta sauka santimita 2 tun ba a taɓa sifirin ba, agogon gudu ya fara ƙarya, kuma gefen tayar milimita 82 ne kacal maimakon 140. Ramin farko zai lanƙwasa wilin. Abin da ya dace da ita 195/65 R15, tsayinsa kusan 635, daidai da na asali, ga riƙon hanya. Ramukan wilin 504 huɗu ne a da'irar milimita 140, ba kowace mota ke da wannan ba, don haka wilin 505 mai inci 15 za ka nema. Ka kula da wanda aka rubuta 390 a jikinsa, ma'auninsa daban ne, tayar inci 15 ba ta zama a kansa lafiya. Kada a faɗaɗa rami da fayil don noti ya shiga. Sifirin kuma ka bar shi, tsayin ƙafa da laushi su ne abin da ya sa wannan mota ta yi suna a hanyoyinmu. Sabbin shokazoba da bushin za su ba ka abin da kake nema. Lambobi huɗu na ƙarshe na rubutun DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Tambaya: Ina da tsohuwar Landiroba ta fetur da nake zuwa gona da ita, shan manta ya ishe ni. Wane inji ya dace?
Manomi daga Sumaila

Amsa: Alhaji, idan Series III ce mai cc 2286, abin da ya fi dacewa da ita 200Tdi ne na gas, cc 2495, doki 107 zuwa 111 gwargwadon motar da aka ciro shi, inda naka ke wajen 70. Ba shi da birenbos, waya ɗaya ce ke zuwa famfonsa don kashewa, ga mai aiki nesa da gari wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ciro daga Landiroba Discovery tarbonsa a ƙasa yake, yakan taɓa shasi a doguwar Landiroba, shi ya sa wasu ke cire tarbon su yi amfani da injin haka nan, kuma tsohuwar giyar ta fi samun sauƙi. Idan ka bar tarbo, kada ka riƙa danna totur a ƙaramin juyi cikin giya ta huɗu, kuma gajeriyar Landiroba na karya sandar aksil ta baya idan aka fizge ta da kaya. Kafin a sa shi a canza bel ɗin taimin, don in ya tsinke yana lanƙwasa sandunan bawul. A wanke tanki, a ƙara bututun komawar mai, a sa filta mai raba ruwa. Tukunyar birki a haɗa ta da famfon iskar da ke jikin injin. Filtar iska ta takarda a cikin akwatinta, bakin shan iska a sama, ba buɗaɗɗiyar filta irin ta 'yan gayu ba. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cinye zoben fistin.

Tambaya: Idan na canza inji, akwai abin da ya shafi takardu?
Mai karatu daga Ɓaɓura

Amsa: Akwai, Malam. Lambar inji na cikin takardun motarka, kuma yanzu ta saɓa da abin da ke cikin bonet. Ka karɓi rasit daga wanda ya sayar maka, mai ɗauke da lambar injin da sunan shago da kwanan wata, ka duba da idonka cewa lambar jikin injin ba a goge ko an sake buga ta ba. Ka kai motar wurin jami'an VIO su duba ta, ofishin lasisi ya gyara takardun, ka kuma sanar da kamfanin inshora. In ka canza launi, shi ma a rubuta. Lambar shasi kuwa ko tsatsa ta ci kewayenta, ka gaya wa mai walda kada ya yanke wurin sai jami'ai sun gani.